Murjani a Cikin Falo: Kayan da Mai Farawa Ya Kamata Ya Fara Saye



A ƴan shekarun nan wayar hannu ta shigo wa gidajenmu da wata sabuwar sha'awa. Yara da samari suna kallon hotunan akwatin gilashi mai shuɗin haske, ƙananan kifaye masu ruwan lemo suna shawagi a cikinsa, wasu halittu kuma masu kama da furanni suna rausaya a bisa duwatsu. Sunan akwatin akwariyom, irin na ruwan gishiri mai murjani kuwa Faransawa suna ce masa récifal. Daga kallo sai roƙo, daga roƙo sai maigida ya fara tambayar ƴan kasuwa masu zuwa Dubai ko Faransa nawa ne kuɗinsa. Mun ga ya dace mu yi bayanin kayan aikin tun kuɗi ba su bar aljihu ba, domin kuskuren saye a wannan harka yana cin dukiya, yana kuma cin rayukan dabbobin da aka raba da mazauninsu. Hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa sananne ne ga kowa, kuma hukuncin tsarewa bai tsaya ga kyanwa kaɗai ba.

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tana cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, tana kuma cikin adon iyayenmu mata. Sai dai jan murjanin da ake yi wa amarya tsakiya da shi daga Bahar Rum yake fitowa, garin Torre del Greco da ke kusa da Napoli a Italiya ya shahara da sassaƙa shi, kuma a cikin kogunan dutse da zurfin teku mai duhu yake rayuwa. Wanda ake kiwo a falo ɗan'uwansa ne na ruwa mai ɗumi marar zurfi, na Indonesiya da Ostareliya da Bahar Maliya. Kakanninmu da suka tafi hajji da ƙafa suka shiga jirgin ruwa a Suwakin sun ratsa ta kansa, kuma tsofaffin gidajen Suwakin da na Jidda da dutsensa aka gina su. Gaɓar tekun da ta fi kusa da mu kuwa, ta Kwatano da Lome da Legas, ba ta da irin waɗannan tuddan murjani, saboda laka da ruwan daɗi da manyan koguna ke zubawa, da ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, kusan duk abin da zai shiga akwatinsa ta jirgin sama zai zo, kuma ranar da wani inji ya tsaya babu kantin da zai ruga a bayan gida.

Murjani dabba ne, ko da yake ido yana ganinsa kamar tsiro. A cikin namansa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ne ke karɓar hasken rana su haɗa abinci, su ci su ciyar da maigidansu. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai murjanin ya kore su, ya koma fari fat, yunwa ta fara cinsa. Digiri 1 kacal bisa zafin da ya saba da shi a bazararsa, in ya daɗe makonni, ya isa ya jawo haka. An ga wannan a tekunan duniya a 1998, an sake gani a 2010 da kuma tsakanin 2014 da 2017, sa'an nan a watan Afrilun 2024 hukumar Amurka mai lura da teku da yanayi ta bayyana karo na huɗu. Abin da ya gagari murjani a cikin faɗin teku ba zai zo masa da sauƙi a cikin lita 80 ba.

Saboda haka tambayar farko ga mai niyya, kafin girman akwati da kyawun fitila, ita ce ta zafin ɗakinsa. Murjani yana son ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 26, yana jure 27 ko 28, daga 30 zuwa sama kuwa an shiga hatsari. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Garwa da Anjamena zafin rana yakan haura 40 a Afrilu da Mayu, kuma ɗaki mai rufin kwano ba ya hucewa sai dare ya raba. Littattafan Turawa sukan sa sandar ɗumama ruwa a sahun farko domin sanyi ne damuwarsu. A wurinmu tana da amfani a daren hunturu na Disamba da Janairu, ƙarama mai wat 75 ko 100 ta wadatar, amma babbar ɗawainiya ita ce sanyayawa. Hanya mafi araha ita ce ƴar fanka da ake maƙalawa a bakin akwati tana hura fuskar ruwa. Hikimarta ita ce hikimar randa da salka: ruwan da ya tashi ya bi iska yana tafiya da zafi. Tana sauke digiri 2 ko 3 idan iska busasshiya ce, da damina kuwa ko a garuruwa masu laima irin su Kumasi da Duwala ƙarfinta yana raguwa. In ɗaki yana kai 36, digiri 3 ba za su fisshe ka ba. Nan sai dai injin sanyaya ruwa, wanda ɗan firigo ne da ruwan akwati ke ratsawa ta cikinsa, ko kuma ɗaki mai na'urar sanyi da ba a kashewa. Injin yakan fi akwatin kansa tsada, yana kuma zubo zafin da ya cire a cikin ɗakin, don haka ba a kulle shi cikin kabad. Shawararmu ita ce mutum ya fara sayen ma'aunin zafi, abu mafi araha a duk jerin, ya cika bokiti da ruwa ya ajiye a inda yake nufin sa akwatin, ya riƙa duba shi da la'asar har bazara guda ta wuce. Bokitin zai gaya masa gaskiyar da ɗan kasuwa ba zai gaya masa ba.

Ƙanwar wannan tambaya ita ce ta kuran. Ruwan teku mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: a digiri 25 lita guda ba ta kai miligiram 7 ba, alhali ruwan daɗi yana wuce 8. Da zarar famfo ya tsaya ruwa ya kwanta, kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriya duk suna jan wannan ɗan abin, kuma a dare mai zafi ƴan sa'o'i sun isa a wayi gari da asara. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba ta maido ba sai Maris na 2024, ga kuma ɗaukewar da aka saba da ita kowace bazara. Murjani yana jure duhu kwana biyu ko uku, don haka ba fitila za a fara ceta ba, motsin ruwa za a ceta. Ga lissafi mai sauƙi: batir mai bolt 12 da amfiya 60 yana ɗauke da wat 720 na sa'a guda, in aka yi amfani da rabinsa domin kada ya lalace saura 360. Famfo mai cin wat 10 zai yi sa'a 36 a kansa, injin sanyi mai cin wat 180 kuwa sa'a 2 kacal. Wannan ya sa muke fifita famfunan da ke aiki da bolt 12 ko 24, waɗanda ake iya haɗa su da batir da faranti mai karɓar hasken rana, tare da ƴar na'urar hura iska mai batir a ajiye kusa. Wanda ya auna ya ga zafi da kuran sun fi ƙarfinsa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kifayen ruwan daɗi masu launi, irin na tafkin Malawi da ƙananan da ake kira gupi, suna faranta wa yara rai da kaso kaɗan na wannan wahala.

Sai akwatin kansa. Mai farawa yakan ce bari ya soma da ƙarami na lita 20 domin ya koya, kuma a nan ne hankali ke yaudarar mutum, domin ƙaramin ya fi wuyar riƙo. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. A akwatin lita 20, in lita 2 suka ƙafe, gishirin da ke giram 35 a lita zai koma kusan 39. A na lita 100 ƙafewar lita 2 ɗin nan ba ta kai shi 36 ba. Haka zafi yake, haka dattin abinci yake: ruwa mai yawa yana haɗiye kuskure, kaɗan kuwa yana bayyana shi nan take. Muna ganin lita 80 zuwa 120 shi ne daidai. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 40, tsayi 40 yana ɗaukar lita 96, kuma da gilashi da dutse da yashi nauyinsa yana haura kilo 120, saboda haka teburin cin abinci ko na talabijin ba mazauninsa ba ne. A fifita mai faɗi a kan mai tsayi, domin faɗin fuskar ruwa shi ke shigo da iska, kuma haske yana isa ƙasa da sauƙi. Akwai waɗanda ake sayarwa da ɗaki a bayansu inda famfo da matata ke ɓuya, suna rage wa mai farawa haɗe-haɗen tiyo da yoyo. In mai yanka gilashi na gari ne zai haɗa, a tabbata kaurin gilashin bai gaza milimita 6 ba a wannan girma, kuma silikon ɗin na akwariyom ne. Wanda ake liƙa bayi da shi yana ɗauke da maganin kashe funfuna, guba ce ga abin da ke cikin ruwa. Kada ƙarfe ya taɓa ruwan ko kaɗan, musamman jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Ruwa da gishiri su ne abin da za a yi ta saye muddin akwatin na raye, kuma nan ne aka fi son yin dabara. Ruwan pompo yana da kilorin, na rijiya da na burtsatse sukan zo da nitirat da fosfat da wasu ma'adinai, waɗanda ba sa cutar da mai sha amma suna ciyar da gansakuka har ta lulluɓe murjani. Mafita ita ce ƴar matatar da ake kira osmoseur da Faransanci, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, tare da ɗan ma'aunin da ke nuna abin da ya saura narke a ciki, ana son ya nuna sifiri ko kusa da shi. Aibinta shi ne kowace lita guda mai kyau tana zubar da 3 ko 4. A ƙasar da ake sayen ruwa garwa-garwa ba za mu ce a bar su su bi lambatu ba. A tara su a tano, suna wanki, suna shara, suna ban ruwan shuka.

Gishirin kuwa, na miya ba ya yi, na Bilma ba ya yi, balle kanwa. Kimanin kashi 85 cikin 100 na gishirin teku shi ne irin na girki, ragowar kuwa magniziyom ne da salfat da kalsiyom da fotasiyom da wasunsu, kuma daga wannan ragowar murjani ke gina ƙashinsa. Ana sayen haɗaɗɗen gishiri na musamman, irin su Instant Ocean da Tropic Marin da Red Sea. Bokitin kilo 20 yana haɗa lita 500 da ɗoriya. Wanda ke canza lita 10 duk mako zai ci kusan bokiti guda a shekara bayan cikawar farko, don haka ya san ta inda na biyu zai zo kafin na farko ya ƙare. Ana dama shi a wani bidon dabam, a bar famfo ya juya shi ya kwana, ba a zuba garinsa kai tsaye a kan dabbobi. Ma'aunin gishiri iri biyu ne. Akwai na roba mai allura mai lilo, wanda kumfa guda ke sa shi ƙarya, akwai kuma wanda ake ɗiga ruwa a kan gilashinsa a leƙa kamar tabarau, réfractomètre, shi muke ba da shawara. Abin nema shi ne 35, ko 1.025 zuwa 1.026 a ɗaya ma'aunin. Ruwan da ya ƙafe kuma da ruwan matata zalla ake cike gurbinsa, ba da na gishiri ba. Wannan ƴar ƙa'ida ta kashe akwatuna da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya.

Murjani ba ya tafiya neman abinci, ba ya kuma matsawa daga dattinsa, igiyar ruwa ce ke yi masa duka biyun. Ana son famfunan su juya ruwan akwatin sau 20 zuwa 30 a sa'a, wato lita 2,000 zuwa 3,000 ga akwatin lita 100. Ƙanana biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda, domin ruwan yana rikicewa kamar na teku, kuma in ɗaya ya mutu ɗaya na nan.

Fitila ita ce ke jan ido a kanti, ita ce kuma ke kwashe kuɗin da ya kamata a kai wa sanyi da batir. A teku jan haske yana ɓacewa a ƴan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa, shi ya sa gansakukar cikin murjani ta saba da shi. Fitilar LED ta murjani mai wat 30 zuwa 50, wadda ake iya rage ƙarfinta, ta ishi akwatin da muka siffanta, ba ta kuma zafafa ruwa kamar manyan fitilun da aka yi yayi kafin ta. A haɗa ta da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, sa'a 8 zuwa 10 a yini. Kada a ce ga rana kyauta a ajiye akwati a bakin taga: zafi za ta kawo da koren ruwa.

Matata ta gaskiya a wannan akwati dutse ne. Tun 1961 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana yadda yake riƙe halittun teku da dutsen teku mai rai da kumfar iska kawai, daga baya masu kiwo na birnin Balin a Jamus suka ƙara masa haske mai ƙarfi da na'urar cire datti ta kumfa, tsarin ya ɗauki sunan birninsu. Dutsen yana da ƙofofi kamar soso, a cikinsu bakteriya ke zama suna mayar da amoniya, wadda kifi ke fitarwa kuma guba ce, zuwa nitirit, sa'an nan nitirat mai sauƙin illa. Kilo 1 ga kowace lita 10 ya isa. Yau an fi amfani da busasshen dutse ko na ƙira, a zuba masa bakteriyar kwalba, ya fi sauƙin ɗauko wa daga nesa kuma ba a fasa tudun murjani dominsa ba. Dutsen bakin hanya da jan marmara ba sa shiga, saboda ƙarfen da ke cikinsu. Daga nan sai jira na mako 4 zuwa 6, akwati na aiki babu kifi ko ɗaya, ana gwada ruwa har amoniya da nitirit su koma sifiri. Yara za su yi ƙorafi, a bar su su yi. Magungunan gwajin nan uku su ne na farko, na alkali da na kalsiyom su biyo baya idan murjani ya shiga: alkali tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyom miligiram 400 zuwa 450 a lita. Su ma suna lalacewa da zafi, a duba ranar ƙarewarsu. Na'urar kumfa kuwa, a ƙaramin akwati mai kifi biyu, canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako yana maye gurbinta. Injunan ɗiga magani da masu haɗawa da waya duk su jira.

Kayan da aka saya su ne ke yanke irin dabbar da za ta shiga. Mai farawa ya tsaya ga murjani mai laushi: masu kama da laimar kwaɗi da ake kira Discosoma, da Sarcophyton mai kama da fata, da Xenia mai buɗe yatsu tana rufewa. Masu rassa irin Acropora, waɗanda suka fi kyau a hoto, suna mutuwa da ƙaramin sauyi. Duk murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda, kuma Indonesiya ta taɓa dakatar da fitar da shi daga 2018 zuwa farkon 2020. A nemi wanda aka yanko daga na kiwo. Kifi biyu sun isa, irin mai ruwan lemo da fararen zane wanda fim ɗin Nemo na 2003 ya sa yara suka sani, kuma ana ƙyanƙyashe shi a gidajen kiwo. Shuɗin abokin tafiyarsa na cikin fim yana kai santimita 25 ko fiye, ba shi da wuri a lita 100.

Akwai gargaɗi biyu da suka shafi gida mai yara. Na farko, ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba. A sa mai gyaran wuta ya ɗaura makashin da ke yanke kuran da kansa idan ya zurare, mai miliamfiya 30, a ɗaga soket sama da ƙasa, kowace waya kuma a bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa da soket domin ɗigon ruwa ya faɗi a can. Na biyu, wasu murjanai masu kama da ƙananan maɓallai, Palythoa da danginsu, suna ɗauke da dafi mai tsanani. A 2018 a Ingila an kai wani iyali da ƴan kwana-kwanan da suka je taimakonsu asibiti bayan an kankare dutsen akwati a cikin gida. Ana yawan tallata su ga masu farawa domin ba sa mutuwa da wuri, amma mu muna ganin gidan da ke da ƙananan yara ya bar su. Ba a tafasa dutsen akwati, ba a kankare shi a busashe, a sa safar hannu, a wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci. Murfin raga yana hana kifi tsalle, yana kuma rage shigar ƙananan hannuwa.

Saura ranar tafiya, domin maigida zai je Sallah garinsu, ko ta'aziyya, ko Umra. Akwai ƴar na'ura mai ido da ke lura da tsayin ruwa tana cikawa daga bidon da kanta, kuma a busasshiyar iskarmu ta cancanci kuɗinta tun kafin na'urar kumfa. Wanda bai samu ba ya ja layi da alƙalami a jikin gilashi daidai fuskar ruwa, ya ajiye bidon na ruwan matata da rubutu a jikinsa, ya ƙulla abincin kowace rana dabam a ƴar takarda, domin mai tausayi yakan zuba fiye da kima. Sa'an nan ya nuna wa uwargida ko babban ɗa yadda ake mayar da famfo kan batir, ya sa su yi da hannunsu sau biyu a gabansa kafin ya ɗauki jaka.